'Yan Garwa da Rigar Alhaji

Shafi na 17

Da sunan Allah, kamar sauran shafukan.

Masu cewa na cika jan rai, na ji ku. Wanda ya shigo yau kuma ga inda aka tsaya. Shekara guda ke nan da sauke tutar Bature. Littattafai sun ce shekarar murna ce, amma masu rubuta su ba su biyo ta Rafin Bilki ba, wani ƙauye a gefen fadamar Gazara. A can ne leburorin matsar rake suka ƙago kiɗansu da garewanin kananzir. Ba su da ubangida, ba sa wasa kowa, ba sa karɓar kyauta. Ranar kasuwar da ta wuce 'yan doka suka kama ɗayansu, Gambo, da laifin kiɗa ba izini. Yana tsare a Ikara. Yau kuma aka aiko wa mawaƙinsu Uwaisu riga.

*

Ashafa ne ya kawo ta, Sarkin Makaɗan garin, kuma mahaifin Uwaisu. Ya tallabo ta a hannu biyu kamar mai kai gawar jariri.

Ba a tsayar da aiki dominsa ba. Doki na zagaye yana juya inji, Bobbo Bafillace na biye da shi da tsumagiya, ruwan rake na tsiyaya cikin garwa, kasko na tafasa. Uwaisu na tsugune yana cusa rake a bakin inji.

Tsohon ya yi sallama. Uwaisu ya rusuna ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, gida, gajiya, har ƙafar da ke damunsa. Duk taurin kansa bai taɓa shafar gaisuwa ba.

"Magaji," in ji Ashafa. Haka yake kiransa tun yana goye, don shi aka ajiye wa kalangun gidan.

"Baba, na ga kaya. Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Alhaji Zainulabidin ne ya aiko ni. Yana tafe a baya."

Injin na Alhaji ne. Dokin nasa ne, fadamar ma tasa ce. Bana kuma yana neman kujerar majalisa, abin da ya rage masa ke nan.

Ashafa ya ɗan buɗe rigar. Saƙi ce mai aska, tana tashin turare. Kowa a wurin ya san ma'anarta. A ƙasar nan in babban mutum ya yafa wa makaɗi riga a gaban jama'a, ya saye bakinsa. Daga ranar ba ya buɗe waƙa sai da sunan mai rigar, ba ya rufewa sai da shi.

"Za ka sa ta a gabansa," in ji Ashafa. "Ka ɗaga murya ka kira sunansa da na ubansa. Shi ke nan. Ya janye ƙarar da ya kai, Gambo ya kwana a ɗakinsa. In ka ƙi, alkali zai tura shi kurkuku Zariya."

"Ai ban taɓa ambaton sunansa a waƙa ba."

"Abin da ya dame shi ke nan. Ba ka ambata ba, amma duk wanda ya ji sai ya waiwaya ya dubi gidansa."

"Baffa, mu fa doki muke yi wa waƙa," in ji Bobbo daga bayan dokin.

"Kai yi mini shiru, ba da kai nake ba."

Tsohon ya sa ƙafa ya ture wata garwa da ta lotse saboda duka.

"Wai wannan ne kiɗan da za a ɗaure mutum a kansa. Ba fata, ba tsarkiya. Kalangu magana yake yi, Magaji. Yana kiran mutum har kakansa. Wannan me take faɗi?"

"Ba ta kiran kowa, Baba. Shi ya sa na so ta."

"Kakanka sai da ya yi gemu yana ɗaukar wa ubangidansa kaya kafin a bar shi ya riƙe makaɗin kalangu."

"Mu kuwa duk wanda ya zo ya ɗauki kara ya buga."

"In bai iya ba fa?"

"Sai ya buga da ƙarfi."

Masu iza wuta suka yi dariya. Ashafa bai yi ba.

"Amsa nake jira."

"Ba zan sa ba."

"Maimaita, ban ji ba."

Ba tsohon ne ya faɗi haka ba. Lantana ce, matar Gambo, wadda ke yi musu amshi in ta zo sarin mazarƙwaila. Daga Ikara take, a ƙasa, 'yarta Huseina a goye, ƙwaryar tuwon da ta kai wa mijinta a hannu. Ba wanda ya ga isowarta.

"Sannu da hanya, Lantana. Yaya kika baro shi?"

"Ya ba ni saƙo. Ya ce in ka sa rigar nan dominsa, kada ka zo masa jaje, ko gawarsa kada ka bi." Ta ajiye ƙwaryar. "Na isar da nasa. Yanzu ga nawa."

"Ina ji."

"Na ga bayansa, duk shatin bulala. Sai da ya juya mini don kada in gani a fuskarsa, ya manta abin a baya yake."

Uwaisu ya sunkuyar da kai.

"Shi yana can yana jarumta. Ni ke kwana da yarinya tana tambaya. Kai kuma kana nan kana cewa ba za ka sa ba, murya a sake, kamar wanda aka yi wa tayin goro."

"Dokar nan tare muka yi ta. Ba suna, ba kyauta, ba shugaba. Ke ma kina wurin."

"Ba shugaba, amma riga ɗaya aka aiko."

Ta matso gabansa, ta ci gaba.

"Kai ɗan Sarkin Makaɗa ne, Uwaisu. Ran da ka gaji da garwa, kalangu na rataye yana jiranka. Baban Huseina in ya gaji ina zai koma? Ƙin naka arha ne. Kai ke ƙi, wani ke biya."

"Wallahi da ni suka kama—"

"Ai kai suka zo kamawa."

Bobbo ya ja linzami. Injin ya tsaya. Ba a jin komai sai tafasar kasko.

"Ranar kasuwa wa ke kiɗa?" in ji Lantana. "Kai. Wa ke waƙa? Kai. Baban Huseina ko kara bai taɓa ba, hannunsa a ƙone yake, ruwan kasko ya zubo masa. Riƙe maka garwa kawai ya yi ka sha ruwa."

"Da aka watse sai suka damƙi wanda suka samu."

"Haka aka gaya maka? 'Yan doka baƙi ne, ba su san mai izini da marar izini ba. Ba sa taɓa makaɗi sai wanda Sarkin Makaɗa ya nuna musu da icen kiɗansa, shi ne shaidar da alkali ke karɓa. Kai da ka tashi a gidan ka fi ni sani." Ta juya. "Baba Sarki, ina wuni. Yi haƙuri ban gaishe ka ba. Gaya masa, ko ni in gaya masa?"

Ashafa ya gyara riƙon rigar.

"An ce in nuna mutum ɗaya."

"Baba," in ji Uwaisu.

"Ɗana ɗaya ne."

"Ni ma mijina ɗaya ne," in ji Lantana.

Uwaisu ya dubi ubansa. Mutumin da ya cika kasuwa da baiti bai sami ko kalma guda ba.

Ƙarar mota ce ta cece shi, in ana kiran wannan ceto.

Baƙar motar Alhaji ta gangaro ta tsaya a inuwar ɗorawa. Kofur Sada ya fito daga gaba da 'yan doka biyu, ankwa na lilo a ɗamararsa. Sannan Alhaji Zainulabidin, fari tas, ba ya sauri. Leburori suka zube. Ashafa ya durƙusa da rigar a hannu, bakinsa ya fara kirari da kansa, kamar yadda kare ke kaɗa wutsiya ba da shawara ba.

Uwaisu ya rusuna daidai yadda ake yi wa sa'an uba, bai ƙara ba.

"Barka da yamma, Alhaji."

"Barka kadai, ɗan Sarki. Yaya aiki?"

"Aiki da godiya."

"Madalla." Alhaji ya yi murmushi. Mutum ne mai taushin murya, irin waɗanda ba su taɓa bukatar ɗaga ta ba. "Kada ka ɗauka ni maƙiyin waƙarka ne. Direbana na rera mini ita a hanyar Kudan, yana zaton barci nake. Yaya ma take? Rake namu, wuta tamu..."

Ba wanda ya ƙarasa masa.

"Zaƙi na wani," ya ƙarasa da kansa. "Waƙa mai daɗi. Kalma ɗaya ce ta ɓata ta. Ka ce zaƙi na kowa, ka sa sunana a gaba. Garwar ma kada ka bari, ina son ta haka. Ranar taro in ɗora ku a bayan lori, har Makarfi, har Zariya. Wa ya sani, ko gidan rediyo."

"Gambo fa?"

"Gambo yarona ne. Ni ma ban ji daɗin abin da ya same shi ba."

Uwaisu ya dubi Lantana. Ta kau da kai tana jijjiga goyo. Ta faɗi nata, ba za ta roƙa ba.

Ya tako wurin ubansa, ya miƙa hannu biyu ya karɓi rigar.

Wani daga masu iza wuta ya ja tsaki a hankali. Bobbo ya tofar da tukar raken da ke bakinsa ya juya baya. Ashafa ya lumshe ido yana hamdala.

Uwaisu ya warware rigar, ya kaɗe ta, askar ta sha rana. Ya wuce Alhaji. Ya wuce Kofur. Ya isa wurin dokin, ya shimfiɗa masa ita a gadon baya, ya gyara hannuwan suka sauko dama da hagu, har ya daidaita wuyan.

"Alhaji, duk garin nan ba wanda ya kai wannan yi maka hidima. Tun asuba yake zagaye, bai taɓa tambayar ina za a ba. In bara kake nema, ga shi."

Dokin ya kaɗa kunne. Ya fi wasu da na sani kyau a cikin riga.

Murmushin Alhaji bai gushe ba, sai dai ya daskare.

Uwaisu ya jawo lotsattsiyar garwar, ya kifa ta tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗauki kara biyu.

"Kofur, buɗe idonka. Ranar kasuwa ni ne. Yau ma ni ne. Ku saki mai ƙonannen hannu ku tafi da ni."

Ya buga.

Ba kiɗa ba ne mai daɗi, kada wani ya yi muku ƙarya. Kamar ana rushe rumfar kwano ne da gangan. Muryarsa ma a shaƙe take da hayaƙi.

"Doki na zagaye, mu ma muna zagaye,
An ce 'yanci ya iso, wa ya gan shi a kasuwa?
Rake namu, wuta tamu..."

Wurin amshi ya zo. Lantana ba ta amsa ba.

Bobbo ne ya amsa, da Hausarsa mai gargada. "Zaƙi na wani." Ya ɗauki guntun ƙarfe ya hau dukan jikin inji. Masu iza wuta suka miƙe daga durƙuson da suka yi wa Alhaji, ɗaya ya kama garwa, ɗaya murfin kasko. Matan da suka zo sari suka kifa tasoshin zuba mazarƙwaila. Wani dattijo mai kai rake, da bai taɓa shiga sabgarsu ba, ya cire takalminsa na taya yana buga su da juna. Ba wanda ya bi wani. Amma duk a wuri ɗaya suke faɗowa: zaƙi na wani.

Alhaji ya ɗaga hannu. A fadamar nan in ya ɗaga hannu ko tsuntsu yakan yi shiru. Yau ba a gani ba.

Kofur Sada ya finciko Ashafa, ya kai baki kunnensa.

"Sarkin Makaɗa, yi aikinka. Nuna mini."

Tsohon ya zaro makaɗinsa daga aljihu, lanƙwasasshen icen nan da ya yi baƙi saboda shekaru. Ya ɗaga shi. Kiɗan ya fara mutuwa, tasa bayan tasa. Makaɗin ya bi ta kan Bobbo, ya bi ta kan matan, ya zo kan Uwaisu ya tsaya.

Uwaisu ya ɗaga kai ya dube shi.

"Nuna, Baba. Wannan karon daidai."

Ashafa ya sauke hannu. Ya kama bakin rawaninsa ya fara warwarewa, a hankali, yana naɗe shi a hannu, har furfurarsa ta bayyana. Da yawa a wurin ba su taɓa ganin kansa ba. Ya ɗingisa zuwa ga dokin ya ɗora rawanin a kan rigar. Ya dawo ya sunkuya gaban garwar ɗansa, ya ɗaga makaɗin da bai taɓa taɓa komai ba sai fata, ya sauke mata shi sau ɗaya.

"Babu Sarkin Makaɗa a garin nan," in ji shi. "Ku nemo mai nunawa."

Kofur ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, in ba mai nunawa, alkali ba zai karɓa ba. Kuma ankwa ɗaya gare ni."

"Ɗaya ta isa," in ji Alhaji. "In babu sarki, akwai shaida."

Ya waiga a natse, kamar mai zaɓen rago, har idonsa ya sauka inda yake so.

"Ke ce matar Gambo?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Na lura ke kaɗai ba ki buga komai ba. Mace mai hankali. Nuna wa Kofur hannu ɗaya da kika ga ya bugi garwa yanzu. Ɗaya tak. Kafin magariba in aika mota ta ɗauko miki mijinki. A gaban jama'a na faɗa."

Uwaisu ya yar da kara ɗaya, ya miƙe, ya haɗa wuyan hannuwansa ya miƙa.

"Nuna ni, Lantana. Na yafe duniya da lahira."

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai so kake a kama ka. Gobe su Bobbo su yi maka waƙa, ka fito kana taƙama da tabo."

"Lantana, don Allah."

"Ka ce ba shugaba. To ba kai za ka zaɓa mini ba."

Ta gyara goyonta. Ta ɗaga hannu. Yatsanta ya wuce kafaɗar Uwaisu.

"Wancan. Kowa ya gani. Da icen da ya nuna mijina ya buga."

Wata mata ta yi salati ƙasa-ƙasa. Kofur ya dubi Alhaji, Alhaji ya gyaɗa kai.

Ashafa bai ja da baya ba. Ya sa makaɗin a aljihu, ya miƙa hannuwansa.

"Gaskiya ta faɗa, Kofur. Sa."

Ankwar ta yi masa yawa, sai da aka matse ta har ƙarshe.

"A je a ɗauko Gambo," in ji Alhaji ga direbansa. "Ni ba na saɓa alkawari." Sannan ya juyo, muryar nan tasa mai taushi. "Ɗan Sarki, rigar tana nan inda ka ajiye ta. Ban yi fushi ba, a kaɗe gashin doki a sa. Sharaɗin bai canja ba, mutumin ne ya canja. Sai dai tsoho mai ciwon ƙafa, ban san yadda zai yi da kurkuku ba."

Lantana ta ɗauki ƙwaryarta. Da ta zo daidai Uwaisu ta tsaya, ba ta dube shi ba.

"To, yanzu ƙi. Ina so in ji yadda ake ƙi in abin naka ne."

Ba wanda ya motsa. Kaskon da aka manta ya fara ƙauri.

Uwaisu ya taka zuwa wurin dokin, kara ɗaya har yanzu a hannunsa na hagu. Ya ɗora na dama a kan rigar.

"Uwaisu."

Ya tsaya. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakin ubansa ba.

"Tun ɗazu nake jin ka," in ji tsohon, ankwa a hannu, kai ba rawani. "Hagunka na jan baya. Koma ka gyara, ka buga."

Dokin, da bai san komai ba a duniya sai zagaye, ya gaji da tsayuwa. Ya ɗaga ƙafa. Injin ya yi ƙara, rigar ta fara zamewa daga ƙarƙashin tafin Uwaisu.

Yatsunsa suka damƙe ta.